Muryar Cikin Hular Kwano

Mutumin da ya ce zai tarye ni a filin jirgi bai zo ba. Sunansa Lawali, ɗan Sanyinna ne da ya daɗe a Amurka, kuma shi ya haɗa ni da makarantar da ta ɗauke ni horon shekara guda kan aikin rediyo. Na tsaya da akwatina har matar da ke goge daɓe ta fara gaishe ni kamar maƙwabci. Da Lawali ya ɗaga waya sai ya ce ai ya ƙaura wata jiha tun bara, mantawa ya yi bai faɗa mini ba. Ɗakin da ya ce ya kama mini kuwa, wai ana nan ana magana. Na san wannan jimla. Na sha karanta ta a labaran yamma game da gyaran hanyar Kebbe.

Tun ina gida ya ce mini babban gidan rediyo za a tura ni, shirin ƙwallo, kuma wata ba zai mutu ba sai an ji muryata. Na yarda ne don ina son in yarda. Na yi shekaru ina karanta labarai da sharhin wasanni a Sakkwato, kafin nan kuma ni ke riƙe lasifika a kasuwar Tambuwal, ina cigiyar akuya da sanarwar ɗaurin aure. Baffa Ummaru, ƙanen mahaifina da ya rene ni a Kebbe, ba ya bin shanu sai da rediyo rataye a kafaɗa, kuma ya saba in ya murɗa ya same ni. Abu ɗaya ya roƙe ni: "In ka isa, ka gaya man mita nawa kake, in riƙa kamo ka."

Wani direban tasi ne ya ji ina faɗa da Lawali a waya, ya sauke gilashi.

"Kai ɗan ina na?"

"Kebbe."

"Birnin Kebbi?"

"Kebbe. Ta Sakkwato, gaba da Tambuwal."

"To ko ta ina ta, sanyi bai san ta ba. Shigo."

Malam Issufu ke nan, mutumin Dogon Dutsi. Ya kai ni gidansa, ya ba ni ɗan ɗakin da yake ajiye tsofaffin tayoyi da buhun gero, ya jefo mini wata rigar sanyi da ta kai ni gwiwa. Bai tambaye ni yaushe zan tashi ba, ni ma ban taso da zancen ba. Zangona na farko ke nan, kuma shi ne mafi sauƙi.

Zango na biyu shi ne babban gidan rediyon. Yana ƙarƙashin ƙasa, a gindin wani shagon gyaran mota. In aka kunna injin kwance taya a sama, sai makirfo ya ɗauka. Mutum biyu ne ma'aikatan shirin: Gireg, mai gabatarwa, wanda ba ya rufe baki sai zai sha kofi, da Dana, mai kula da na'urori, wadda ba ta buɗe nata sai da dalili. Na ce sunana Sanusi. Gireg ya ce, "Soni. Yauwa." Shi ke nan an yanka mini rago.

Sharaɗin makaranta ɗaya ne kuma a fili yake. Kafin kakar wasa ta ƙare dole a ji ni a iska, kai tsaye, cikin shirin da aka tura ni. In ba haka ba, ba za a lissafa horon ba, izinin zamana ya faɗi, in koma gida in gaya wa Baffa cewa na je Amurka na yi shiru na dawo.

Na san tun kafin in taso cewa ƙwallonsu ba irin tamu ba ce, da hannu ake ɗaukarta, ana ture-ture da hulunan kwano. Abin da ban sani ba shi ne shirin Gireg ba kan wasan yake ba. Kan wani wasa ne da aka ɗora a bayan wasan, suna ce masa fantasi. Mutum zai zauna a ofis ya haɗa ƙungiyarsa a waya, ya tsinto 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyi daban-daban. Abin da kowannensu ya yi ran Lahadi sai ya zama maki ga wanda ya tsince shi. Manya masu furfura suna ƙin cin abinci a kan wannan. Shirinmu kuma ya ƙara ƙuntata kansa, masu tsaron baya kawai yake magana a kai, musamman waɗanda ake kira lainbaka, wato masu tsayawa bayan ƙattin layin gaba suna jiran duk wanda ya ɓullo da ƙwallo su kayar da shi. Kowane kaye maki ne.

Gireg ya zaunar da ni gaban allo ya ce in kalli wasannin mako in kawo masa sunan lainbaka guda da zai ce mutane su ɗauka. Na kalla da idon mai sharhi. Na ga wani ƙato da in ya daki mutum sai ka ji a haƙoranka, irin wanda da a gidan dambe ne da tuni makaɗa sun san sunan kakarsa. Na rubuta shi, na tsara jimlolin da kyau.

Gireg ya karanta ya ture takardar. "Ban tambaye ka wa ya iya ba, Soni. Wa ke cikin fili?"

"Ai ga shi a ciki."

"Mayar da faifan. Duba lokacin da abokan gaba suka shirya jefa ƙwallo sama."

Na mayar. Ga ƙatona yana gudu zuwa benci, wani siriri mai sauri yana shigowa a madadinsa. Haka yake yi duk sanda wasa ya koma na jifa, wato kusan rabin yini yana zaune da tawul a wuya.

"Wanda ke benci ba ya kayar da kowa," in ji Gireg. "Ka nemo mini wanda ba ya fita, ko da gurgu ne."

Wannan shi ne dukkan ilimin, sauran reshe ne. Na shafe makonni a ɗakin nan ina lura da mai shiga da mai fita. Na koyi cewa akwai lainbakan da aikinsa tare masu gudu da ƙwallo ne kawai, akwai wanda ake sakin sa ya farauci mai jifa daga gefe, shi wannan wata rana ya cika maka buhu, wata rana ya dawo hannu rabbana. Akwai kuma wanda ke tsayawa a tsakiya ko wane irin wasa aka zo da shi, kuma shi ake nema. Na koyi abin da har yau yake ba ni haushi: lainbakan ƙungiyar da ba ta iya komai ba ya fi daraja, domin 'yan'uwansa ba sa riƙe ƙwallo, kullum shi ne a fili yana shan wahala. A duk tsawon aikina ban taɓa shawartar mai sauraro ya nemi mutum don gidansu ya lalace ba.

Dana ce ta nuna mini gajeriyar hanya. Wata rana ta ajiye mini shayi, ta tsayar da hoton, ta ɗora yatsa a ƙeyar wani ɗan wasa. Akwai ɗan koren ɗigo manne a hularsa.

"A cikin masu tsaron da ke fili, mutum ɗaya kaɗai ke da wannan," ta ce. "Akwai rediyo a hularsa. Koci na magana, shi yana ji, ya faɗa wa sauran. Wa zai fitar da mutumin da ke ɗauke da saƙo?"

Nan take na gane, domin na tashi ina ganin haka a filin Idi na Kebbe kafin a samu lasifika: liman ya yi kabbara, ladan ya ɗaga ta, sahun baya su ji. Ladan ba ya barin sallah a tsakiya. Ta ƙara da cewa ana yanke layin 'yan daƙiƙoƙi kafin a fara kowane bugu, daga nan mai ɗigo shi kaɗai ne da abin da ya ji. Daga ranar na daina kallon ƙwanji, na koma leƙen ƙeya.

Sunayen da nake kawowa suka fara yin daidai, sai Gireg ya ƙara mini girma irin nasa. Da yawa daga cikin 'yan wasan nan sunayensu daga Afirka ne ko tsibiran teku, harshensa kuma ba ya juya su. Ya sa aka ba ni maɓalli a bayan gilashi, kusa da Dana. In na danna na yi magana, shi kaɗai ke ji a iyafis ɗin da ke kunnensa. In faɗi suna gaɓa-gaɓa, ya maimaita wa jama'a kamar tare suka tashi.

"Ka zama kocina, Soni," ya ce yana dariya.

Ni ban yi dariya ba. Na tsallaka teku don a ji ni, ga shi ina da mai sauraro guda ɗaya, shi ma yana iya cire ni daga kunne in ya ga dama.

Baffa kan kira ni daga shagon mai cajin waya, ranar kasuwa.

"Sanusi, na murɗa dut, gajeren zango da matsakaici. Ban same ka ba."

"Ba a fara sa ni ba tukuna, Baffa."

"To mi kaka yi?"

Na yi ƙoƙarin bayyana masa. Ya saurara har ƙarshe, kamar yadda yake sauraron labarai.

"Watau mutum shi ƙirga shanun wani, shi ce nashi na?"

"Kusan haka."

"Kuma in sun haihu shi yi murna?"

"Har ya yi wa abokinsa gori."

"Allah shi kyauta. Ka dai ci abinci."

Na tambayi Gireg sau da yawa yaushe zai ba ni ko da minti biyu. Ya ce masu sauraronsa a mota suke, ba su da lokacin sabawa da sabon lafazi. Ya ce mako mai zuwa. Ya ce bari a wuce wasannin nan masu zafi. Da dusar ƙanƙara ta fara zuba, makaranta ta tuna mini cewa kaka ta kusa ƙarewa, na sake tambayarsa, ya dafa kafaɗata ya ce muna nan muna magana. Ashe jimlar har Turanci take ji.

Akwai abu ɗaya da ban iya sabawa da shi ba. A gidan rediyonmu, in za ka karanta labarin wanda tsautsayi ya faɗa wa, da jaje kake farawa, ko ba a rubuta maka ba. A shirin Gireg, rauni kasuwa ce ta buɗe. Da zarar an ce wane ya karye, sai ya gyara zama, muryarsa ta washe: wa zai gaji filin, wa zai gaji ɗigon, ku yi maza kafin abokanku su riga ku. Ba mugun mutum ba ne, na ga yana ciyar da kyanwar shagon sama. Aikin ne bai bar wa jaje wuri ba.

A cikin waɗanda nake bibiya akwai wani mai ɗigo na wata ƙungiya mara sa'a. Ya girmi sauran, a raina nake ce masa Dattijo. Ba ya fita fili, ba ya rawa in ya kayar da mutum, hannu yake miƙa masa ya tashe shi. Na kalli ƙeyarsa fiye da yadda na kalli fuskar kowa a ƙasar nan. Ran Lahadi aka fitar da shi a ƙaramar mota, ba a ce komai ba.

Ran Talata da safe muna tsakiyar shiri kai tsaye sai labari ya shigo cewa jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakarsa ta ƙare, a shekarunsa kuma wataƙila wasan ne gaba ɗaya. Gireg ya karanta, ya ɗaga murya.

"Babban labari, jama'a. Fili ya buɗe. Wanda za ku ɗauka yanzun nan shi ne..."

Ya juyo yana kaɗa mini yatsu ta gilashi. Na danna maɓalli. A daidai lokacin allon gabana ya sake nuna faɗuwar a hankali, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Bakina ya riga ni. Da Hausa, a hankali, gaɓa-gaɓa kamar yadda na saba yi masa magana, na ce, "Allah ya ba shi lafiya."

"Alaya Bashi-Lafiya," in ji Gireg, babu ko gargada. "Ku rubuta sunan. Yaro ne mai sauri, na daɗe ina sa masa ido."

Na saki maɓallin. Dana ta dube ni, ta dubi jerin 'yan ƙungiyar, ta sake dubana. Gireg ya ci gaba, ya ce yaron yana da hannu, ya ce kocinsu na son sa. A iya sanina wannan ne karo na farko da ya faɗi wani abu nawa daidai.

Fitilun waya suka kama gaba ɗaya. Mai kira na farko ya ce ya duba bai ga Bashi-Lafiya ba, ko da wani harafi ake rubutawa? Na biyu ya ce ya riga ya saki wani ɗan wasa don ya ba shi wuri. Dana ta jefa talla.

Gireg ya fito jajawur. "Wane ne wannan mutumin?"

"Ba mutum ba ne. Addu'a ce."

"Addu'a."

"Na roƙa wa wanda ya karye sauƙi. Yatsana na kan maɓalli."

"Na ce na daɗe ina sa masa ido, Soni."

"Wannan kai ka ƙara."

Ya nuna matakala, ya ce in ɗauki rigata. Na miƙe. Na riga na fara tsara yadda zan faɗa wa Baffa, sai Dana ta yi magana ba tare da ta ɗago daga na'ura ba.

"Talla ta kusa ƙarewa. Ko dai ka gaya musu ka yabi mutumin da babu shi, ko ka bar wanda ya yi kuskuren ya faɗa da bakinsa."

Gireg ya dubi agogo. Sannan ya buɗe ƙofar sutudiyo ya ja mini kujera da ƙafa. "Ka ba su haƙuri. A taƙaice."

Haka muryata ta fara fita a Amurka, don in nemi gafarar yi wa majinyaci addu'a. Jar fitila ta kama, sai na ji bayana ya miƙe da kansa kamar a Sakkwato. Na faɗi sunana cikakke. Na ce kuskuren maɓalli nawa ne, kuma ina ba da haƙuri a kansa. Na ce kalmomin da suka ji ba suna ba ne, abin da muke faɗa ne a garinmu in mutum ya ji ciwo, na fassara musu, na ce wannan ba zan janye shi ba. Sannan na ba su abin da suka kira dominsa. Na ce kada su ruɗu da wanda aka rubuta a matsayin mataimakin Dattijo, shi mai tare gudu ne, da an koma jifa zai fita. Su nemi matashin da ke gefensa, domin a wasannin share fage, ranakun da aka hutar da Dattijo, a ƙeyar wannan matashin na ga koren ɗigo. Injin kwance taya ya tashi a sama, na ɗaga murya kaɗan na ƙarasa.

Ran Lahadi ɗigon na ƙeyar matashin, bai fita fili ba ko sau ɗaya. Kaye kaɗan ya yi, don haka wasu suka rubuto suna zagina, wasu kuma suka ce a dawo da mai muryar nan. Mafi yawansu sunan ne ya burge su. Duk wanda ya ji rauni sai su rubuto, "Bashi-Lafiya." Gireg ya ga kasuwa, ya ba ni ɗan lokaci kowace Talata, ya sa wa sashen wannan suna. Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa yadda ya haɗe kalmomin, bashi ya koma wani abu daban da ba ya zama gida ɗaya da lafiya. Ya ce yana da daɗin faɗa. Makaranta ta karɓa. Malam Issufu ya kunna shirin a tasi, ya ce ya gaya wa fasinja uku cewa wannan ɗan ɗakin tayoyinsa ne.

Na tura faifan shirin zuwa wayar mai caji a Kebbe. Ranar kasuwa Baffa ya kira.

"Naj ji ka. Ban gane ko kalma ba, amma muryarka ta. Har tarin da kaka yi kahin ka soma."

Na ba shi labarin duka, da maɓallin, da sunan, da matashin da ya gaji ɗigo. Ya yi dariya har na ji mutanen shagon suna tambayarsa lafiya. Da ya natsa sai ya ce, "To shi wanga da gwiwatai tat tsinke, ya samu sauƙi?"

A aikinmu babu abin da ake tsoro kamar shiru a iska. Na yi shi. Na san wanda ya gaje shi, na san yadda aka raba aikinsa tsakanin mutum biyu, na san ƙungiyar da za su kara da ita mako mai zuwa da irin wasanta. Ko an yi masa aiki, ko yana takawa, ban duba ba. Tun ranar da addu'ar ta sama mini kujera ban sake kallon inda yake ba.

"Ban sani ba, Baffa."

"Kai da kay yi mai addu'a duniya na ji?"

"Zan bincika."

"Ka bincika. Ran kasuwa in na kira, da shi za ka soma."